Makullin da Na Cire Daga Shafin Ɗinkina

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni tela ce a Kazaure, matar aure mai 'ya'ya uku, kuma in dai gaskiya za a faɗa, mace ce ni mai ji da kanta. Na gaji ɗinki a wurin mahaifiyata, wadda iyayenta Barebari ne da suka taso daga gabas. Ita da allura da zare ta yi nata zamanin, ni kuma na zo na samu keke mai amfani da wuta. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Amma ina da gajen haƙuri, ina da baki, kuma ba na son a ce min ga yadda zan yi. In mace ta kawo atamfa ta ce ga ɗinkin da take so, sai in dube ta sama da ƙasa in ce ba zai karɓe ta ba, in yi mata wanda na ga dama. Abin haushin, sau da yawa ni ke da gaskiya, shi ya sa kaina ya ƙara girma. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya take hana ni, yau dai na daure. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin abin da na riga na tona ya isa.

Yawancin masu ba ni ɗinki ba 'yan cikin gari ba ne. Akwai matan Roni, akwai na Babura da Kanya Babba, akwai na ƙauyukan Gwiwa, har da wasu daga tsallaken iyaka masu tambayar farashi da sefa. Da yawansu matan aure ne da ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi, don haka ba zuwa suke yi in auna su ba. Wata ta aiko tsohuwar rigarta a leda ta hannun direba, wata ta sa a rubuto awonta a bayan kwalin magani. Ranar da na yanka leshin wata amarya 'yar Babura da awon wata gwaggo 'yar Roni, ranar na san dole a sake lale. Maigidana yana da aboki, dattijo mai furfura a gemu, yana koyar da kwamfuta, kowa Malam yake ce masa. Mutum ne mai sanyin magana, kafin ya ƙarasa jimla ɗaya ni na yi uku. Shi ya zauna ya haɗa min shafin intanet na kaina, ya yi shi kashi biyu. Akwai fuskar shafin, inda kowa zai ga hotunan ɗinkunana. Sannan akwai ciki, inda kowace mace take da nata wurin ita kaɗai. In za ta shiga sai ta rubuta lambar wayarta, a turo mata wata lambar sirri ta saƙo, ta sa, sannan ya buɗe. A nan awonta yake, da abin da na rubuta game da ɗinkinta, da hotunan da take turo min in ta gwada riga don in ga inda za a rage ko a ƙara. Hotuna ne na cikin ɗaki, ba mayafi, wani lokacin ba ɗankwali. Malam ya ce lambar sirrin nan ita ce makullin, ko shi da ya gina shafin ba ya leƙa ciki.

Cikin waɗannan mata akwai wata da zan kira Adda, don haka nake kiranta. Bafulatana ce daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, ta girme ni da kusan shekara goma, doguwa, ba ta da yawan magana. Ita kam da ƙafarta ta zo, mijinta ya kawo ta a babur ya tsaya a waje ƙarƙashin dalbejiya. Ta zauna a gefe har duk matan da ke shagon suka watse, na ma fara jin haushi, ina cewa a raina wannan ɗinki ta kawo ko zaman makoki. Sai ta roƙe ni in tura ƙofa. Da na tura, ta juya min baya, ta cire hijabi, ta sauke zani kaɗan, sannan ta juyo idonta a ƙasa. An cire mata nono ɗaya, na hagu. Wata bakwai ke nan da aka yi mata aiki a Kano saboda ciwon daji. Ta ce daga ita sai mijinta suka sani, a gida an ce ciwon ciki ne. Ko mahaifiyarta da ke zaune tare da su ba ta sani ba, domin tsohuwar ta riga ta binne 'ya'ya biyu, Adda ta ce ba za ta sa ta zaman jiran na uku ba. Kuma ba ta son irin kallon da ake yi wa mai wannan ciwo, kallon wanda tasa ta ƙare. Tun da ta dawo ba ta je biki ba, ba ta je suna ba, kullum tana cikin ƙaton hijabi ko a tsakar gida. Abin da take so shi ne rigar da za ta sa ta shiga cikin mata ba wanda ya gane.

Ban taɓa ɗinka irinta ba, amma na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na fara da auduga, wanki ɗaya ta dunƙule. Na koma soso, na zagaye shi da reza, na lulluɓe da yadi mai laushi, sai ya zamana ba shi da nauyi, yana hawa sama in ta ɗaga hannu. Daga ƙarshe na ɗinka wata 'yar jaka na zuba ƙananan duwatsun ado, na cusa a ƙasan soson, sai ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Na kawar da ɗinkin gefe daga kan tabon saboda yana yi mata zafi, na buɗa hannun hagu don hannun yana kumbura. Duk wannan na rubuta shi a wurinta na shafin, da Hausa ɓaro-ɓaro, cewa babu nonon hagu, a sa soso, kada ɗinki ya hau tabo. Da na ce mata ba sai ta riƙa wahalar zuwa Kazaure ba, ta turo hoto kawai in ta gwada, sai ta tambaye ni wa zai gani. Na dafa ƙirji na ce daga ni sai Allah. Ta sake tambaya, na sake rantsuwa. Kun san tsakanin mu jikokin Barebari da Fulani ba a rasa tsokana, har na ce mata Bafulatana ba ta tsoron bijimi amma tana tsoron waya. Ta yi murmushi, mijinta ya koya mata yadda ake shiga. Riga uku na yi mata, kuma ranar da ta turo hoton ta ƙarshe na ga tana dariya a ciki, na ji daɗin da ban taɓa ji a sana'ata ba.

Matsalar ta fara ne da azumi, lokacin da ɗinkin Sallah yake ambaliya. A watan na ɗauki sababbin hotuna masu ƙyalli, na sa aka yi min bidiyo ina juya riguna a jikin mutum-mutumi, na loda su duka a shafin, kuma na sa su fito a saman kowane ɓangare, har wurin da ake sa lambar sirri. A wayata, a cikin Kazaure, komai yana buɗewa sumul. Amma a ƙauye, inda sabis yake zuwa ya tafi, shafin sai ya yi ta juyawa. Kafin ya gama buɗewa lambar da aka turo ta mutu, sai an sake neman wata. Kira ya yi ta shigowa. Wata 'yar Roni ta ce ta hau kan turmi tana ɗaga waya sama har surukarta ta tambaye ta ko lafiya. Wata 'yar Kanya Babba ta ce datarta ta ƙare ba ta ga ko wuyan riga ba. Wadda ta fi ƙona min rai matar wani ɗan kasuwa ce da ta saba ba ni ɗinkin gidanta gaba ɗaya, ta ce ta gaji, ta kai wa wata tela da ke bayan layinmu. Wannan telar ni na koya mata yankan wuya. Ranar ko buɗa-baki ban yi da daɗi ba.

Washegari na sa maigidana ya kira Malam. Ya zo suka zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa. Ya duba ya ce ai ciwon a fili yake, hotunana da bidiyon ne suka yi wa shafin nauyi, kamar a ɗora wa jaki buhu biyar a ce ya yi gudu. Ya ce in ba shi kwana biyu ya rage girman hotunan, ya sauke bidiyon daga wurin shiga, shafin zai buɗe ko a ina. Ni kuwa da na ji an ce a sauke bidiyona sai raina ya ɓaci. Na ce bidiyon nan shi ke jawo min mutane, lambar sirrin ce fitinar, a cire ta kowa ya huta. Ya ce min Hajiya ba a cire wannan, amanar mutane ce a ciki. Na ce wa ya damu da awon ƙugun matar ƙauye, ɓarayin intanet kuɗi suke nema, me za su yi da tsawon hannun riga. Ya ce ai ba ɓarawo kaɗai ake rufe wa ƙofa ba. Na tambaye shi shafin nawa ne ko nasa. Maigidana ya yi gyaran murya, na ja bakina, amma na riga na faɗa. Malam ya miƙe a hankali, ya ce shi dai hannunsa ba zai cire ba, in na shirya rage hotunan in aiko masa.

Abin da ya sa tafiyarsa ba ta dame ni ba, na san wani abu. Tun ranar da ya miƙa min shafin ya nuna min wani maɓalli a ɓangaren mai shago, ya ce na gwaji ne, kada in taɓa shi. In aka danna, lambar sirri ta daina aiki, sai wani ɗan akwati ya fito inda mace za ta rubuta sunanta kawai, wurinta ya buɗe. Da hantsi, ina zaune a gaban keke, almakashi a cinyata, na ɗauki waya na danna. Shafin ya tambaye ni ko na tabbata, na amsa na tabbata. Ban yi shawara da kowa ba, ban gaya wa maigidana ba. Kuma kada in yi muku ƙarya, Adda ta faɗo min a rai a daidai lokacin. Na ce a zuciyata wa zai san sunanta har ya nema, bayan Sallah in mayar. Na aika wa mata saƙo cewa an gyara, yanzu suna kawai za su rubuta.

Aiki ya dawo har ya fi da, ina ta yi wa Malam dariya a raina. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne sunayenmu. Ku duba gidanku, ku duba na maƙwabta, mata nawa ne suke amsa suna ɗaya? A yankinmu in ka tsaya a bakin rijiya ka kira suna guda, mutum huɗu za su waiwayo. Shafin kuwa bai san takwara ba. In mace ta rubuta sunanta, sai ya jero mata duk mai irin sunan, da garinta, da awonta, da hotunanta. Kuma fa an gaya min. Ana saura kwana huɗu Sallah wata 'yar Babura ta kira tana dariya, ta ce ta ga takwarorinta reras, har ta zaɓi irin ɗinkin ɗaya daga cikinsu. Na gane akwai matsala, amma ga atamfofi tuli a gabana, ga wuta an kawo, na ce mata to madalla, na ci gaba da ɗinkina. Sallah ta zo ta wuce, gajiya ta kwantar da ni, na manta da maɓalli.

Sati biyu bayan Sallah aka yi suna a ƙauyen su Adda. Abin da zan faɗa yanzu ba a idona ya faru ba, wadda abin ya fito ta bakinta ce ta ba ni labari daga baya tana kuka. Ita takwarar Adda ce, maƙwabciyarta, mai surutu amma ba muguwa ba, ita ma ni nake yi mata ɗinki. Ranar ce Adda ta fara shiga taro tun bayan aikin. Ta sa ɗaya daga cikin rigunan, shuɗiya, ta yafa ɗan mayafi, ta zauna a tabarma kusa da mahaifiyarta. Mata suka yi ta yaba ɗinkin, suna cewa ta murmure, suna tambayar wace tela ce. Takwarar ta ce ai telarsu ɗaya, bari ta nuna musu shafin. Ta rubuta sunanta, ya gama juye-juyensa, sai ga hoton Adda a sama da rigar da ke jikinta. Aka yi shewa, waya ta shiga yawo hannu zuwa hannu. Wata ta ce a karanta musu abin da aka rubuta a ƙasa, ko sunan ɗinkin ne. Takwarar ta karɓa ta fara karantawa da ƙarfi, bakinta ya riga hankalinta, sai da ta kai ƙarshen layin sannan ta gane abin da ta faɗa. Ta ce nan take idon kowa ya sauka a ƙirjin Adda. Mahaifiyar Adda ta juyo gare ta. Hannu ta miƙa a gaban mutane ta dafa gefen hagun 'yarta, ta matsa, ta ji soso. Adda ta miƙe ta ja mayafinta ta fita, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Kwana biyu bayan nan mijinta ya zo. Ya yi sallama a zaure, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigida da yara da aiki, kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce bai zo faɗa ba, so yake ya san yadda aka yi, domin matarsa ta ce telar ta rantse mata. A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na yi salati, na tafa hannu, na ce lallai 'yan kutse ne suka shiga, ko kuma wanda ya haɗa shafin ne bai iya aikinsa ba. Har da cewa dama na daɗe ina zarginsa. Bakina bai yi rawa ba ko kaɗan. Bawan Allah ya tambayi inda Malam yake, na kwatanta masa. Yana fita na ruga na mayar da makullin. Sannan, don in ƙara ɗaure ƙaryar, duk matar da ta shigo shago ranar sai na ba ta labarin yadda Malam ya cuce ni.

Da la'asar Malam ya zo, maigidana ba ya nan. Ya tsaya a bakin zaure bai zauna ba. Ya ce mutumin Gwiwa ya same shi a gaban ɗalibansa, shi kuma ya ba shi haƙuri, bai ce masa komai ba bayan haka. Sannan ya juyo min da fuskar wayarsa. Ashe shafin yana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa, ga ranar, ga lokacin, ga wayar da aka danna maɓallin da ita, tawa. Ya ce min Hajiya shi ba zai tona ni ba, kuma ba zai ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba, ya bar ni da Allah in gyara da bakina. Ya ƙara da cewa ba matar Gwiwa kaɗai aka buɗe wa wuri a kwanakin nan ba, sauran ma suna da haƙƙin su sani. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya yi min sallama yadda ya saba, ya hau kekensa ya tafi.

Sai da na yi kwana tara ina juya abin. In na zauna a keke sai in ga hannun tsohuwar nan, in na ta da sallah sai in rasa raka'a nawa na yi. A rana ta goma na gaya wa maigidana komai. Bai daka min tsawa ba, kallona kawai ya yi, ya ce abokinsa na shekara ashirin na ɓata wa suna a gari, in ɗauko hijabina mu je. Muka je gidan Malam, na durƙusa a gabansa da matarsa na nemi gafara. Sannan na bi matan da na ba labarin ƙarya ɗaya bayan ɗaya na warware, wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka taɓe baki. Na kira duk masu ba ni ɗinki na gaya musu an yi kwanaki wurarensu a buɗe, kuma ni na buɗe. Wata ta kashe waya ban gama ba. Mijin wata ya karɓi wayar ya faɗa min maganar da ba zan iya rubutawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da yawansu ba su sake aiko min da ko ɗankwali ba. Duk wannan mai sauƙi ne, saura Adda.

Ranar kasuwar Gwiwa na tafi, don ranar ake samun mota. Daga nan ɗan acaba ya ratsa da ni ta gonakin gero, damina ta kankama, hanya duk laka. Na tarar da ita a ɗaki cikin ƙaton hijabi, tsohuwar tana gefe tana jan carbi. Ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura a ƙwarya, ta gaishe ni kamar baƙuwar arziki. Ban iya sha ba. Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa, na gaya mata ba 'yan kutse ba ne, ba Malam ba ne, ni ce da hannuna, kuma an gargaɗe ni, kuma na tuna da ita lokacin da nake dannawa. Na faɗi komai ina kuka, har da bidiyon da telar bayan layi. Tsohuwar ta yi magana da Fillanci, Adda ta amsa mata a hankali. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga tsohuwar ta juya fuskarta bango.

Sannan Adda ta kira ni da ƙanwata, ta ce ta yafe min duniya da lahira, ciwon dai Allah ne ya ɗora mata. Amma tana da tambaya ɗaya. Ta ce wannan jiran da matan suka kasa yi, har ya sa na cire makullin, kamar minti nawa ne. Na so in ƙara masa tsawo, sai na ga na ƙoshi da ƙarya. Na ce kamar minti uku, in ya tsananta biyar. Ta gyaɗa kai. Ta ce ita duk ranar da za ta turo min hoto, sai ta bari rana ta yi sanyi, ta taka har kan wani tudu da ke bayan ƙauyen, nan ne kaɗai sabis yake kamawa, ta tsaya ta jira lambar, in ta mutu ta nemi wata. Ta ce ba ta taɓa jin haushin jiran ba, domin duk lokacin da shafin ya ƙi buɗe mata, sai ta ce a ranta ashe haka zai ƙi buɗe wa kowa. Da na tashi tafiya ta raka ni zuwa bakin ƙofar ɗaki, nan ta tsaya.

Malam, Allah ya saka masa da alheri, ya dawo ya rage hotunan ya sauke bidiyon. Yini ɗaya da rabi ya ɗauka. Yanzu shafin yana buɗewa nan da nan ko a ƙauye, da makullinsa da komai, kuma duk lokacin da na ga saurin nan sai kunya ta rufe ni. Na daina rubuta sirrin jikin mace a shafi, abin da ya kai wannan a kaina nake riƙe shi. Adda tana raye, an ce jikin da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma shekara biyu ke nan ba ta sake shiga taro ba. In ana biki ko suna, 'yarta take aikawa da gudummawa. Ba ta sake ba ni ɗinki ba, ni ma ba ni da idon tambaya.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu sana'a ta intanet, musamman mu mata da muke riƙe da asirin mata. Gaskiya ne shafi mai nauyi yana korar mai saye, na gani da idona. Amma in ya yi nauyi ku nemi abin da ya danne shi, galibi adonmu ne da son a yaba mana. Ku sauke wannan, ku bar makulli a inda yake, kuma ku saurari wanda ya san aikin ko da maganarsa ba ta yi muku daɗi ba. Kada ku ce wa zai damu da abin da ke ciki. Ni ba ɓarawo ne ya shiga min ba, maƙwabciya ce mai kyakkyawar niyya a gidan suna. In kuma kuskure ya faru ku faɗi gaskiya a ranar, ƙaryar da na yi ta ci mutuncin dattijon da bai ji ba bai gani ba. Ku kuma masu tura hoto da awo, ku tambaya wa zai gani, kada rantsuwa kaɗai ta ishe ku, ku ce a nuna muku. Matan da jira ya kora min wasu sun dawo, wasu na samu madadinsu. Adda kuwa ta yafe min, amma har yau ban san hanyar da zan bi in mayar da ita cikin mata ba. Ku sa ta a addu'a, ni ma ku roƙa min gafarar Allah.